Kafin A Ce Mata Ta Koma Ɗakinta

Yau za mu jingine siyasa, mu shiga cikin gida, daga nan mu leƙa kasuwa da ma'aikata. Tambaya ɗaya na zo da ita. Idan zama ya yi tsami tsakanin miji da mata, ko igiyar aure ta tsinke, ko ubangida ya danne wa yaronsa haƙƙi, ina mutum zai dosa ya amayar da abin da ke cikinsa, a saurare shi har ya dasa aya, a ba shi shawarar da za ta fisshe shi, kuma maganar ta mutu a inda aka yi ta?

Na san amsar da za a ba ni: ai wuraren zuwa sun yi yawa. Ban musa ba. Ga waliyyai da iyaye, ga limamin unguwa, ga mai unguwa da dagaci har zuwa hakimi. A Kano akwai Hukumar Hisba da dokar jiha ta kafa a 2003, wadda rikicin aure ya fi komai cika mata layi. Akwai zaurukan sulhu a Kano da Bauchi da wasu jihohi, akwai ofishin jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma. Akwai ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da WRAPA da ta zo a 1999, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. 'Yan uwanmu Kirista suna da fasto da dattawan coci da Zumuntar Mata. A Nijar kuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, fadar sarki da zauren alƙali ba sa rabo da irin wannan ƙara, domin can doka ma ta ba sarakuna ikon sasanta talakawansu.

To, ina gizo ke saƙa? Wuraren suna da yawa, amma akasarinsu abu ɗaya suke bayarwa. Sun zama kamar mai kemis ɗin da duk wanda ya shigo, mai ciwon kai da mai karaya da mai naƙuda, farasitamol yake miƙa masa. Farasitamol ɗinmu shi ne "a yi haƙuri".

Bari in kai ku zauren wani mai unguwa, ko wanne ne, domin tafiyar kusan ɗaya ce. An idar da la'asar, an shimfiɗa tabarma. Mai unguwa na zaune, liman na gefensa, ga kawun yarinya, ga yayan miji, ga wasu mutum biyu da suka shigo gaisuwa, suka ji da magana, suka gyara zama. Yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ita tana raɓe a lungu da goyo, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kuma ba kunya ce kaɗai ta sa ta rufe ba. Aka ce miji ya fara. Ya yi bayani tiryan-tiryan: ba ta jin magana, ta fita unguwa ba izini, ya dawo bai tarar da abinci ba, ta ɗaga masa murya a gaban ƙannensa. Aka juyo gare ta: "To, ke me za ki ce?" Ta yaya za ta buɗe baki a gaban kawunta da liman da sauran maza ta faɗi abin da ake yi mata idan an rufe ƙofa? Sai ta ce, "Dukana yake yi." Aka ce, "Malam, ka daina duka, ba kyau." Ya ce, "In Allah ya yarda." Aka ce da ita, "Ke kuma 'yar nan ki rage baki. Zaman aure ɗan haƙuri ne, uwarki ma haka ta zauna. Ki dubi 'ya'yanki. Durƙusa ki ba shi haƙuri." Ta durƙusa. Aka shafa fatiha, kowa ya tashi da jin an yi aikin lada.

Ba wanda ya tambaye ta wannan karo na nawa ne. Ba a kira wata dattijuwa ta ja ta ɗaki ta duba abin da ke ƙarƙashin mayafin ba. Ba a tambaye ta ko tana tsoron kwana a gidan yau ba. Ba a rubuta komai ba, kuma bayan mako biyu ba mai leƙawa ya ga yadda aka kwana.

Kada a yi mini fassarar baibai. Ni ba abokin gabar haƙuri ba ne, ba kuma na raina masu unguwanni da limamai, waɗanda ke wannan aiki dare da rana ba a ba su ko sisi. Mafi yawan abin da ake kawo musu ƙananan saɓani ne: kuɗin cefane, rabon kwana, uwar miji ta sa baki, an ga saƙo a waya, an yi wa amarya ɗinki ba a yi wa uwargida ba. Irin wannan, dattijo mai hikima yakan kashe shi cikin rabin sa'a, kuma Allah kaɗai ya san yawan gidajen da suka tsaya saboda su. Kotu ba za ta iya wannan ba, domin wanda kuka je gaban alƙali da shi, da wuya ku koma ku ci tuwo a kwano ɗaya.

Abin da nake faɗi shi ne, saɓani daban, zalunci daban, kuma aikin farko na mai ba da shawara shi ne ya gane wanne aka kawo masa. A saɓani mutum biyu ne ke jayayya, kowa da laifinsa, kowa zai iya sassautawa. A zalunci ɗaya ne ke tsoron ɗaya. Idan ka zaunar da mai tsoro kusa da wanda take tsoro ka ce su fahimci juna, duk abin da ta faɗa za ta biya kuɗinsa da daddare. Masu nazarin wannan fanni a ƙasashe da dama sun daɗe da gano alamomin da ke nuna rai na cikin haɗari: mutumin da ya taɓa shaƙe wuyan matarsa, wanda ya taɓa zare mata wuƙa ko ya ce sai ya kashe ta, wanda ke dukanta tana da ciki, wanda dukan nasa ke ƙaruwa yau ya fi jiya, wanda ya ƙwace mata waya ya raba ta da danginta, da wanda ke haɗa wannan duka da shaye-shaye. Sun kuma gano cewa lokacin da mace ta yi yunƙurin tafiya shi ne mafi haɗari a gare ta. Wannan ilimi ne da za a iya koya wa kowane mai unguwa da kowace malamar Islamiyya cikin kwana biyu. Ba a koya musu ba, shi ya sa suke auna kowace ƙara da mudu ɗaya.

Ga alƙaluma ga mai son alƙaluma. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki tun daga shekara 15. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 36 sun ce sun fuskanci cutarwa daga miji, ta jiki ko ta shimfiɗa ko ta baƙar magana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema kuwa, gidansu suka fi nufa. Ma'ana, mai ba da shawara na farko a ƙasar nan uwa ce da uba. In sun iya, an tsira. In sun ce "ba mu da ɗakin bazawara a gidan nan", shi ke nan an rufe.

Kuma mun ga inda shiru ke kai mutane. A watan Afrilun 2022 mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, sai bayan rasuwarta 'yan uwa da abokan aiki suka fito suna ba da labarin abin da ta daɗe tana sha, har kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa a 2025. Mu a nan Arewa ba mu manta da shari'ar Maryam Sanda ba, wadda kotu ta samu da laifin kisan da aka yi wa mijinta Bilyaminu a 2017. Na kawo biyun tare da gangan, don kada wani ya ce maza kaɗai ake tuhuma. Gidan da wuta ke ci a ɓoye, ba a san wanda za a fito da gawarsa ba.

Wani zai ce wannan duk aƙidar Turawa ce ake son shigo mana da ita. To, mu buɗe namu littattafan. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ɗora aikin sulhu a kan masu hukunci biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Hikimar a fili take: kowa ya samu nasa wanda zai keɓe da shi ya faɗa masa abin da ba zai iya faɗi a taro ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da kotunanmu ke hukunci da ita, sun tafi a kan cewa waɗannan biyun in sun ga gyara su gyara, in sun ga rabuwa ce maslaha su raba. Haka nan in mace ta tabbatar wa alƙali cewa ana cutar da ita, yana da ikon raba auren ko mijin bai so ba, kuma ba sai ta mayar da sadaki ba. Wannan yana cikin Mukhtasar na Khalil, yana cikin Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da ke kan teburin alƙalanmu. Amma mata nawa ne suka san haka? Sai ka ga wadda aka fasa wa baki tana yawon neman rancen kuɗin khul'i, tana sayen 'yancin da shari'a ta riga ta ba ta kyauta, don kawai ba a samu wanda zai zaunar da ita ya faɗa mata ba.

Ta ɓangaren dokar ƙasa ma akwai gyara, akwai saura. Tsohon kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 yana da sashe na 55, wanda ya bar wa miji kafar "ladabtar" da matarsa matuƙar bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 aka sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP, da ta mayar da dukan abokin zama laifi, haka korarsa daga gida da ƙarfi, haka yin watsi da mata da 'ya'ya ba ci ba sha. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Sai dai dokar ta Abuja ce, sai jiha ta karɓa take aiki a cikinta. Kaduna ta karɓa a 2018, jihohi da yawa sun bi baya, Kano kuwa ta yi shekaru ana ja-in-ja. Haka daftarin dokar iyali da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya taso da shi a 2017, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan sashen ƙarin aure, sauran abin da ke ciki ya bi ruwa.

Akwai wuraren da ya kamata kowa ya san sunansu, musamman in abin ya kai ga fyaɗe ko rauni. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. A irin waɗannan wurare ana duba mutum, a ba shi magani, a zauna da shi a saurare shi, a rubuta shaidar likita da za ta yi amfani a kotu. Kuma a riƙe wannan: maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe, cikin sa'a 72 ake fara shi. Duk daren da aka ɓata ana taron dangi ana neman yadda za a rufa asiri, daga cikin sa'o'in nan ake cirewa. Illar ita ce cibiyoyin 'yan kaɗan ne, kuma a birni suke. Matar da ke ƙauyen Doguwa ko Birnin Gwari, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ita.

Mu dawo kan saki. A nan ne nake ganin mun fi sakaci, domin da zarar an miƙa takarda, masu sulhu sai su naɗe tabarma, wai aikin gama ya gama. Alhali a ranar ce aikin ke farawa. A ina za ta yi idda? Alƙur'ani ya hana a fitar da ita daga ɗakinta, amma a al'adarmu kafin magariba an turo motar kwasar kaya. Wa zai ciyar da ita a watannin nan? Yaran fa? A Malikiyya riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma na kan uba. Mu kuwa ko dai a fizge yaro daga yaye a kai wa kishiyar uwa don a ƙuntata wa uwar, ko a bar mata su biyar a ce "ai ke kika zaɓi tafiya". Daga nan ne ake samun 'yar talla a tasha da yaron da aka tura gabas ba don son karatu ba. Da akwai zaman da ake yi bayan saki, a rubuta nawa uba zai riƙa bayarwa, ranar da zai ga 'ya'yansa, wa zai biya kuɗin makaranta da na asibiti, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, da rabin shari'un da ke cunkushe a kotunanmu ba su kai can ba.

Sannan ga mai saki cikin fushi, wanda ya zabga uku a numfashi ɗaya, gari ya waye yana bin malamai gida-gida yana neman wanda zai ce masa ɗaya ce, in bai samu ba ya koma neman ɗan kisan wuta. Wannan bawan Allah fatawa ba ta isar masa ba. Yana buƙatar wanda zai zauna da shi a kan fushin kansa, in ba haka ba ko an mayar da auren, bara ce za ta dawo bana.

Ba yau aka fara kuka ba. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano don a ga yawansu, aka hana taron. Bayan shekara uku, a 2012, gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa, kuma a Oktoban 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 a rana ɗaya. A 2024 Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure. Duk abin yabo ne. Amma muna gwada jini, muna sayen gado da katifa, ba ma tambayar ko mutanen nan biyu sun san yadda ake saɓawa a shirya. A Malesiya, Musulmin da zai yi auren fari sai ya halarci kwas ya karɓi takardar shaida. Mu namu kwas ɗin shi ne nasihar daren kai amarya, wadda ake yi wa yarinya tana kuka, "yi na yi, bari na bari". Ango kuwa abokansa na waje suna sayen baki, ba mai ce masa uffan.

Wannan ya kawo ni ga maza, domin su ne aka fi bari a baya a harkar shawara. Mace ko ba komai tana da uwar ɗaki, tana da ƙawa, tana da gidan suna da gidan biki. Namiji fa? A majalisa za a yi ƙwallo, a yi siyasa, a yi farashin mai, amma ba zai ce "jama'a, wata uku ke nan ba a biya ni ba, na kasa haɗa ido da matata" ba, don gobe shi ne abin hira. Sai ya haɗiye, ya shiga gida da shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane mai sulhu zai gaya maka yadda ƙarar ciyarwa ta yawaita. Ban ce talauci hujjar duka ba ne. Akwai matalautan da ba su taɓa ɗaga wa mace yatsa ba, akwai masu gidan bene da matansu ke kwana da kumburin ido. Amma mai sulhun da bai tambayi miji halin da yake ciki a wurin neman abincinsa ba, rabin labari ya ji.

Wurin aikin nan kuwa, nan ne babu zaure sam. Dubi yaron shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari da ya yi wa ubangidansa shekara goma bisa alkawarin sallama, ba takarda ba shaida, ranar da ya tuna masa sai a ce an ga giɓi a lissafi. Dubi malamar makarantar kuɗi da ba a biyanta albashin hutu, da leburan kamfani a Sharaɗa ko Chalawa da inji ya cinye wa yatsu aka ba shi kuɗin mota aka ce Allah ya kiyaye gaba. Dubi 'yar aikatau da aka ɗauko daga ƙauye, kuɗinta na hannun dillaliya, in an yi mata wani abu a gidan ba ta ma san hanyar tasha ba. Dubi ma'aikaciyar da oga ya ce ƙarin girmanta na hannunsa, ta san abin da yake nufi, ta kuma san in ta faɗa a gida cewa za a yi ta bar aikin.

Mutanen nan suna da haƙƙi a doka, sai dai ba mai faɗa musu. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa. Ta ce wanda ya shekara biyar ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda. Ta ba mai ciki hutun mako 12. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. A Nuwamban 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke nan tun 1975, kuma ba a biyan ko kwabo a kai mata ƙara. Akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995. Sai dai a faɗi gaskiya, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato bai leƙa shago da gareji da gidan burodin unguwa ba, inda akasarin mutanenmu ke aiki. A can, shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin sana'a su ne alƙalai. Suna ƙoƙari, amma wanda ake ƙara abokin cinikinsu ne, wanda ya kawo ƙara kuwa yaro ne. Abu mafi sauƙi da za su yi, su wajabta rubuta yarjejeniya tun ranar da aka kawo yaro: shekara nawa, sallama nawa, shaidu su wane. Rubuta bashi dai ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ba ta mai unguwa ba ce, ta likita ce. Mai jegon da ta daina barci, ta daina kula da jaririnta, tana kuka ba dalili, sai a ce aljanu ne ko kishiya ce ta yi mata asiri, alhali ciwo ne sananne da ke da magani. Magidancin da ya rasa aiki ya shiga ɗaki ya daina fita. Matashin da ƙwaya ta juya wa kai. Ba na hana addu'a, a yi ta, amma a haɗa da asibiti. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, saboda haka dole mai sulhu na unguwa ya san alamomin da in ya gani zai ce, wannan ya fi ƙarfina, ga inda za ku je.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in babu sirri. Abin da ya fi hana mutane zuwa neman shawara shi ne sun san kafin su kai gida labarin ya riga su. Kwanakin baya na shiga wani ofishin sasanci, na tarar ɗaki ɗaya ne, tebur uku, ana sauraron ƙara uku lokaci guda, masu jiran layi na jingine da taga suna kallo. Wata baiwar Allah tana ƙoƙarin bayanin matsalar shimfiɗa da raɗa, jami'in yana cewa, "Hajiya ɗaga murya, ba na ji." Yanzu kuma ga wayar hannu, a ɗauki mutum yana kuka a watsa a Facebook da TikTok da sunan faɗakarwa. Gidajen rediyo ma ba su fita ba, akwai shirye-shiryen da ke mayar da tonon asirin ma'aurata abin nishaɗi. Ranar da aka watsa, an sami masu sauraro. Yaran gidan kuwa da wannan sunan za su shiga makaranta gobe.

Gyaran bai kai tsadar gadar sama ba. Jihar Kano na da mazaɓu 484. A ce kowace mazaɓa ta samu ɗaki ɗaya mai ƙofa, a jikin asibitin sha-ka-tafi ko makarantar Islamiyya, inda shigar mutum ba za ta sa a nuna shi da baki ba. A sa mace ɗaya da namiji ɗaya da aka horar, a fara jin kowa shi kaɗai kafin a haɗa su, a ajiye littafi a kulle, a riƙe lambar asibiti da ta lauya da ta 'yan sanda, a koma a duba bayan mako biyu. Ma'aikatan ma ba sai an yi odarsu ba, jami'o'inmu da kwalejojin ilimi na yaye masu digiri a fannin ba da shawara da aikin jin daɗin jama'a duk shekara, ga su nan suna sayar da data. Shugabannin ƙananan hukumomi, wannan naku ne. Attajiranmu masu gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, ga wani wurin waƙafi. Malamanmu na mumbari, huɗuba a kan haƙƙin miji ta wadatu, a ƙara mana ta haƙƙin mata da ta haƙƙin ɗan ƙwadago.

Kai kuma ko ke da ke saurarena yanzu kuna cikin wannan hali: in akwai rauni, asibiti ne farko, a karɓi takardar likita a adana. A faɗa wa mutum ɗaya da aka amince da shi, ko da ba a shirya ɗaukar wani mataki ba. In an je wuri na farko an ce a yi haƙuri ba tare da an saurara ba, a wuce na biyu, Hisba ko ofishin jin daɗin jama'a ko lauyoyin FIDA ko kotu, ba laifi ba ne kuma ba fitsara ba ce.